Monita tana kawo hoto na daƙiƙa biyu sannan ta yi duhu: me za a iya gyarawa a gida?

Wani bawan Allah daga Jega, mai shagon buga takardu da ɗaukar kwafi, ya aiko da tambaya a kan monitarsa mai inci 19, irin shafaffen allon nan, wadda ya saya ta hannu a Birnin Kebbi. Ya ce tun a hunturun da ya wuce ta fara gardamar tashi da safe, sai ya yi ta danna maɓalli kafin ta kama, yanzu kuwa da ya kunna ta hoto zai bayyana na kamar daƙiƙa biyu sannan allon ya yi baƙi ƙirin, alhali 'yar fitilar maɓallin tana nan a kunne ba ta ƙyaftawa. Yana so ya sani ko zai iya gyara ta da kansa, ko kuwa ya haƙura ya nemi wata.

Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka yi gaggawar rabuwa da wannan monita, domin alamomin da ka lissafa suna nuna cewa gilashin allon, wanda shi ne mafi tsada a jikinta kuma shi ne ba ya gyaruwa, lafiyarsa ƙalau. Abin da na fi zargi shi ne waɗansu 'yan ƙananan kafasitoci, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, da ke kan bod ɗin wuta, faifan da ke raba wa sassan monitar lantarki, waɗanda kuɗinsu duka bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin wata monitar. Sai dai zargi daban, tabbaci daban, kuma a cikin monita akwai wutar da za ta iya hallaka mutum ko da an zare ta daga soket. Saboda haka ina roƙonka ka gama duk gwajin da ake yi daga waje kafin ka ɗauki sukudireba.

Gilashin irin wannan allo ba ya samar da haske da kansa. Aikinsa kawai ya buɗe ko ya toshe hanyar hasken da ke fitowa daga bayansa, ɗigo bayan ɗigo, har hoto ya haɗu. A monitocin da aka ƙera kafin wajajen 2011, wannan haske yana fitowa ne daga waɗansu siraran fitilu masu kama da dogon ƙwan fuloresan, guda biyu ko huɗu, a gefen sama da na ƙasa, ana kiransu CCFL. Ba sa kamawa sai an ba su wuta mai ƙarfi ƙwarai, fiye da bolt 1,000 a lokacin tashi, sannan ta sauko zuwa tsakanin 600 da 900 idan sun zauna, kuma akwai sashe na musamman da ke ɗaga wutar zuwa wannan matsayi, shi ne inbata. Monitocin da suka biyo baya suna amfani da fitilun LED, waɗanda ba sa buƙatar haka. Ka duba takardar da aka manna a bayan monitarka, za ka ga wata da shekarar da aka ƙera ta, daga nan za ka san wacce iri kake riƙe da ita.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a matsalarka da tocila ake yinsa. Ka haɗa monitar da kwamfuta, ka kunna su, ka jira allon ya yi duhun da ya saba, sannan ka rufe ƙofar shago ko ka bari sai da dare, ka haska tocilar wayarka dab da gilashin a karkace. Idan ka hango hoton yana nan dishi-dishi, kana ganin alamomin fayiloli da kibiyar linzami tana motsi, to magana ta ƙare: kwamfutar tana aiko da hoto, bod ɗin hoto yana karɓa, gilashin yana nunawa, hasken baya ne kawai ya ɗauke. Abin da ke faruwa a cikin daƙiƙa biyun nan shi ne inbata ta kunna fitilun, sai na'urar kariyar da ke cikinta ta ga wutar ba ta daidaita ba, ta kashe su domin kada gobara ta tashi. Wato monitar tana kare kanta ne, kuma ci gaba da kunna ta ana kashewa sau da yawa domin a sami hoton daƙiƙa biyu yana ƙara wa sassan da ba su lalace ba wahala.

Idan kuwa tocila ba ta nuna komai ba, sai ka koma kan wayar hoto da kwamfutar. Ka zare wayar hoto daga bayan monitar ka kunna ta ita kaɗai. Mai lafiya za ta nuna saƙon "No Signal" ko wani ɗan akwati yana yawo a kan allo, kamar yadda ƙirar Dell ke yi, kuma idan wannan saƙo ya tsaya bai ɓace cikin duhu ba, laifin yana wajen kwamfutar ne. A nan sai a gwada wata waya, a gwada laftof ɗin maƙwabci, a cire RAM, wato ɗan siririn faifan ƙwaƙwalwar kwamfuta, a goge bakinsa a mayar, domin ƙurar hunturu tana yawan hana shi zama daidai. Wayar VGA mai shuɗin kai tana da allurai 15, ta ɗaya tana ɗauke da ja, ta biyu kore, ta uku shuɗi, shi ya sa idan hoto ya koma ruwan hoda ake neman allurar kore, idan ya koma ruwan ɗorawa ake neman ta shuɗi. Na ambaci wannan ne saboda monitoci da yawa ana kai su wajen gyara alhali allura ɗaya ce ta lanƙwashe. Amma naka al'amarin bai yi kama da wannan ba.

Abin da ya ƙarfafa mini zargin kafasita shi ne labarin da ka bayar na gardamar safiya. Kafasita 'yar gwangwani ce ta alminiyom mai ɗauke da wani ruwa a ciki, aikinta ta tara wuta ta sake ta a hankali domin ta tace hawa da saukar da ke cikin wutar da bod ke fitarwa, kuma a irin wannan bod tana cika tana saukewa sau 50,000 ko fiye a daƙiƙa guda. Zafi yana busar da ruwan nan sannu a hankali. Idan ya fara bushewa, kafasitar takan yi rauni sosai in tana da sanyi, ta ɗan farfaɗo in ta ɗumama, wanda shi ne dalilin da ya sa monitarka ta riƙa ƙin tashi da asubahin hunturu amma ta yi aiki lafiya da rana. Sanyi ne ya tona asirin ciwon, amma zafin bazara ne ya haifar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rayuwar kafasita biyu. Wadda aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 105 za ta yi kamar awa 32,000 idan tana zaune a digiri 65, kusan shekara 9 ke nan ga mai aikin awa 10 kullum, amma idan zafin cikin akwatin ya kai 75 sai lissafin ya faɗo zuwa awa 16,000, shekara 4 da ɗoriya. Wanda ya san yadda shago mai rufin kwano yake a Jega ko Argungu tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40, ya san wanne lissafi ne namu. Ga kuma ƙarin cewa tsakanin 1999 da 2007 an cika kasuwannin duniya da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa da ke kumbura tun kafin lokacinsu, kuma kayan hannu da ke shigo mana sun riga sun ci rabin ƙarfinsu a can inda aka kwaso su.

Kafin a buɗe, akwai tambaya ɗaya: wayar wuta kai tsaye take shiga bayan monitar, ko kuwa akwai adafta irin ta laftof a tsakani? Idan akwai adafta, aikin ya yi sauƙi, domin sashen wutar duka yana cikinta. A auna bakinta da mita, wato 'yar na'urar hannu ta auna wuta da masu gyara ke amfani da ita, a kwatanta da abin da aka rubuta a jikinta, yawanci bolt 12 ko 14 ko 19, sannan a gwada wata mai daidai wannan adadi da amfiya iri ɗaya ko sama da haka. Kada a sa ta bolt 19 a inda ake neman 12 don kawai bakin ya shiga.

Idan wayar kai tsaye take shiga, to bod ɗin wuta yana ciki, kuma a nan ne nake so ka ba ni hankalinka duka. Wutar gidajenmu ta bolt 230, idan aka juya ta zuwa wuta mai gudana gefe ɗaya, wadda ake kira DC, tana taruwa a cikin wata babbar kafasita a kan kusan bolt 325. Za ka gane ta da girmanta, sau da yawa a kwance take, kuma an rubuta 400V ko 450V a jikinta. Tana iya riƙe wannan wuta na mintuna bayan an zare filogi, a lalataccen bod ma har ta wuce haka. Ka zare wayar daga bango, ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci, ka bar monitar ta kwana. Ko da ta kwana, idan ka buɗe kada yatsanka ya taɓa ƙasan bod sai ka sa mita a kan ma'aunin DC mafi girma ka auna ƙafafun babbar kafasitar guda biyu. In akwai sauran wuta, a sauke ta da ƙwan lantarki na da, mai zare a ciki, mai wat 60, wanda aka ɗaura wa wayoyi biyu masu roba, a taɓa ƙafafun da su na 'yan daƙiƙu, a sake aunawa har sai mita ta nuna ƙasa da bolt 5. Ƙwan LED ba ya yin wannan aiki. Haɗa ƙafafun da bakin sukudireba kuwa, kamar yadda wasu ke yi, yana tayar da tartsatsin da ke ƙona layin tagulla, yana iya fantsama a ido. Ka tsaya a kan busasshen wuri da takalmin roba, ka cire zobe da agogo, kuma kada ka yi aikin a inda yara ke kai da komo. Idan ba ka da mita, ko ba ka taɓa riƙe ayan na narkar da dalma ba, ka tsaya a nan, ka ɗauki monitar zuwa wajen mai gyaran talabijin, ka gaya masa sakamakon gwajin tocila da labarin safiya. Wannan bayanin kaɗai zai rage masa lalube, ya rage maka kuɗi.

Wannan duka a kan shafaffen allo nake magana. Tsohuwar monita mai ƙaton ƙeya irin ta talabijin ɗin da, wutar da ke cikin kwalbarta tana kaiwa kusan bolt 25,000 kuma tana daɗewa ba ta sauka ba, saboda haka ba a buɗe ta a gida ko kaɗan.

Buɗe akwatin ya fi buƙatar haƙuri fiye da ƙarfi. Ka kifa monitar a kan tawul mai laushi, ka kwance kusoshin ƙafarta da duk wanda ka gani a baya, sannan ka bi gefen firam ɗin da tsohon katin roba kana ɓalle maƙalan ɗaya bayan ɗaya. Ka kula da 'yar siririyar wayar da ke zuwa maɓallan gaba, domin ita ce ta fi saurin tsinkewa. A ƙarƙashin murfin ƙarfe za ka tarar da bod biyu: wanda bakin VGA ke jikinsa shi ne na hoto, wanda wayar wuta ke shiga shi ne na wuta, kuma a yawancin masu inci 17 da 19 inbata tana haɗe a kansa. Ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, musamman wayoyin fitilu da alkiblar kowace kafasita, kafin ka cire komai.

Yanzu ka duba rukunin ƙananan kafasitocin da ke kusa da ƙarfen da ke shan zafi, a ɓangaren da wuta ke fita zuwa bod ɗin hoto. Kan lafiyayyar kafasita a shafe yake sarai. Wadda ta lalace kanta yakan yi tozo, ko tsagar da ke samanta ta buɗe, ko ka ga busasshen abu ruwan ƙasa ya tsiyayo, ko ta karkace saboda robar gindinta ta turo. Idan ka sami ɗaya ko biyu a haka, ka canza rukunin gaba ɗaya, domin shekarunsu ɗaya, zafi ɗaya suka sha, kuma wadda ba ta kumbura ba tana iya zama busasshiya a ciki ba tare da ido ya gani ba. Ka haɗa har da 'yar ƙaramar nan da ke kusa da na'urar da ke tayar da bod, mai 22 ko 47 maikrofarad a bolt 50, wadda ba kasafai take kumbura ba amma tana yawan jawo gardamar tashi. Babbar mai 450V ba ta cika lalacewa ba, a bar ta sai in an ga alama.

Wajen saye, ka rubuta lambobin da ke jikin kowacce, ko ma ka tafi da tsofaffin a hannu. Adadin maikrofarad, ma'aunin yawan wutar da kafasita ke iya tarawa, wanda ake rubutawa µF, ya zama daidai da na da, misali 470 ko 680 ko 1,000. Adadin bolt ya zama daidai ko sama, wato mai 25 tana iya maye gurbin mai 16, amma mai 16 ba ta maye gurbin mai 25. Lallai a ga 105°C a jikinta, mai 85 ba ta dace da ƙasarmu ba, kuma a nemi irin da 'yan kasuwa ke kira Low ESR, waɗanda aka ƙera domin irin wannan bod mai saurin bugawa. Ƙirar Nichicon da Rubycon da Panasonic su ne aka sani da ƙarko, sai dai jabunsu suna da yawa, kuma wadda ta yi sauƙin nauyi ko rubutunta ya yi dusu-dusu abar gudu ce. Ka lura da tsawonta ma, kada murfin ƙarfe ya ƙi rufuwa. Ban ba ka shawarar ciro tsofaffi daga mataccen rediyo ba, ko da a kyauta ne.

Kafasita tana da ƙafar ƙari da ta ragi. Ratsin da ya sauko a gefen gwangwanin yana nuna ƙafar ragi, a sabuwa kuma doguwar ƙafa ita ce ta ƙari. Idan aka juya ta, za ta fashe da ƙara cikin ƙanƙanin lokaci, saboda haka ka riƙa cire ɗaya kana mayar da ɗaya, kana duba hoton da ka ɗauka. Ayan mai wat 40 ya wadatar. Ka ɗora sabuwar dalma kaɗan a kan tsohuwar domin ta yi saurin narkewa, ka zaro ƙafafun ba tare da finciko ba, kada layin tagullar ya ɗago. Kyakkyawan liƙi yana da santsi da ƙyalli, kuma ba ya taɓa na kusa da shi. Tun da bod yana hannunka, ka duba gindin taransifomomi da bakin da wayar wuta ke shiga, in ka ga dalma ta yi zobe ta tsage ka sake narkar da ita, sannan ka share ƙura da busasshen buroshi, domin a irin wuraren nan ne ake samun mushen tsaka da kyankyaso sun haɗa layuka. Kada ka kunna sai ka mayar da wayoyin fitilu duka da murfin ƙarfe.

Idan bayan wannan hasken ya ci gaba da ɗaukewa, saura abu biyu. Na farko fitilun kansu sun tsufa, kuma alamar hakan ita ce allon yakan yi ja-ja ko ruwan hoda a lokacin tashi, ko a ga bakin wayarsu ya ƙone ya yi baƙi. Na biyu taransifomar inbata. Inda suke guda biyu, a auna naɗin siririyar wayar da ke jikin kowacce da mita a ma'aunin om, wanda ke nuna yadda waya ke tare wuta, monita a kashe kuma an sauke wuta. Ya kamata adadinsu ya zo kusa da juna, wadda ta yi nisa da 'yar'uwarta ita ce mai laifi. Canza fitila yana buƙatar a warware gilashin da shimfiɗun da ke bayansa, kuma a nan ne aikin gida yakan zama gyaran gangar Auzinawa, a je neman haske a dawo da tsagaggen allo. Wannan na mai gyara ne, kuma wasunsu suna cire tsofaffin fitilun su sa layin LED a madadinsu, abin da nake ganin ya fi sayen tsohuwar fitila wadda ita ma ta kusa ƙarewa. Fitilun CCFL suna ɗauke da zaiba, mai guba ce, saboda haka kada a fasa su, kada a jefa su a wuta tare da shara, kada a bar yara su yi wasa da su.

Taka monitar tana kamawa, don haka fis ɗinta lafiya yake, amma zan yi gargaɗi saboda masu irin monitar da ta mutu murus. Fis ba ya ƙonewa haka kawai. Idan aka same shi ya yi baƙi, akwai abin da ya haɗe a gabansa, galibi dayod ɗin da ke juya wuta ko babbar taransista, kuma ɗaure shi da zaren waya, kamar yadda ake yi wa filogi, hanya ce ta gobara. Haka nan layukan da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa ba sa motsi, da tabon baƙi mai kama da zubar tawada, ciwon gilashi ne, ba a gyara su a gida, kuma kuɗin sabon gilashi yakan kai na wata monitar ta hannu.

Idan Allah ya sa ta tashi, yadda za ka riƙe ta ne zai nuna ko gyaran zai daɗe. Ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da bango, kuma ƙyallen da ake rufa mata saboda ƙura a cire shi duka kafin a kunna, domin ramukan da ke samanta ta nan zafi ke fita. Ka rage hasken allo zuwa rabi ko ƙasa, zai rage zafi ya ƙara wa fitilu kwana. Ƙarancin wuta bai cika cutar da monita ba, tun da yawancinsu an rubuta musu 100 zuwa 240 a baya. Abin da ke kashe su shi ne bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta, ko aka juya daga janareto, ko wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta katse a layin unguwa, inda wutar da ke shiga shago za ta iya haurawa zuwa kusan bolt 400. Saboda haka ka kashe soket kafin a tayar da janareto ko a kashe shi, ka jira ya daidaita kafin ka kunna, da damina kuma in hadari ya haɗo da tsawa ka zare filogi daga bango gaba ɗaya, domin kashe maɓallin gaba ba ya raba bod ɗin da wutar layi.

In ka yi gwajin tocila, ka aiko mini da abin da ka gani, tare da lambar ƙirar da shekarar da ke bayan monitar. Idan kuma ka kai ga buɗewa, ka haɗo da hoton bod ɗin wuta gaba da baya a cikin haske mai kyau, yadda rubutun jikin kafasitocin zai karantu, sai in nuna maka waɗanda za ka canza da adadin da za ka nema a kasuwa.